Gahawar hunturu wadda babu barasa a ciki: yadda aikin ke tafiya

7 ga Oktoba, 2024

Yau bayan mun rufe shago, ina cikin goge injin gahawa, mai shagon ta jawo kujera ta ce in zauna, akwai magana. Gabana ya faɗi, na zaci awannina za a rage. Ashe aiki za a ƙara mini. Ta ce duk shekara da zarar sanyi ya kama a nan Limerick ta ƙasar Ayilan, baƙi masu yawon buɗe ido sai su riƙa shigowa suna tambayar Irish coffee, wato gahawar nan ta Ayilan da ake zuba wa wuski a ɗora mata kirim. Ita kuma ba ta da lasisin sayar da barasa, ba ta ma da niyyar nema. Sai dai ta nuna musu mashayar da ke tsallaken titi, tana ji tana gani ciniki ya wuce ta. Abin da take so shi ne kafin ƙarshen Janairu mu fitar da gahawa uku ko huɗu masu kama da waɗanda ake haɗawa da barasa, amma ko ɗigo babu a ciki. Kuma ni ta zaɓa.

Na ce mata, Madam, kin dai san ko a harshe ban taɓa ɗora wuski ba, kuma ba a kan aikinki zan fara ba. Ta ce ai shi ya sa ta zaɓe ni, wai wanda ya saba da na asali komai ya haɗa sai ya ga bai kai ba, ya watsar. Ban gamsu da hujjar ba. An dai aiki makaho kasuwa ya zaɓo atamfa. Amma na karɓa, da sharaɗin a cikin awa ashirin ɗin da doka ta yarda ɗalibi ya yi aiki a mako za a cire lokacin, ba a cikin na karatuna ba.

Masu ɗanɗana mini su biyu ne: abokin aikina ɗan Italiya da wata abokiyar aikinmu 'yar Meziko. Su ne harshena a wannan aiki.

12 ga Oktoba

Na zaunar da su biyun da takarda da biro, kowa ya faɗi na garinsu. Ɗan Italiya ya ce a wajensu caffè corretto ne, ma'ana gahawar da aka gyara. Ɗan ƙaramin kofin espresso ne, wato gahawa mai ƙarfi da inji ke matsowa, a tsiyaya masa grappa, wadda ake tatsowa daga tukar inabi bayan an matse, ko kuma sambuca mai zaƙi. Na tambaye shi to me ya lalace a gahawar da har take neman gyara. Bai yi dariya ba. 'Yar Meziko ta kawo carajillo. Asalinsa daga Sifaniya ne, inda ake zuba burandi ko ram a gahawa mai zafi, amma a Meziko da ƙanƙara suke sha, da wata barasa mai zaƙi da ake kira Licor 43, mai ƙamshin banila da ɓawon lemo, wadda ake yi a Cartagena ta Sifaniya. Ta kuma yi alfahari da Kahlúa, barasar gahawa da ram da sukari da aka fara yi a Veracruz a 1936. Madam ta ƙara espresso martini, wanda wani mai haɗa abin sha a Landan, Dick Bradsell, ya ƙirƙiro a shekarun 1980, ta ce matasa shi suke so.

Huɗu ke nan. Irish coffee ce uwar tafiya, sauran rakiya.

19 ga Oktoba

Na shiga mota zuwa Foynes, ɗan ƙauye ne a bakin kogin Shannon, yamma da Limerick, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Ban je don koyon haɗi ba, wannan ana samu a ko'ina. So nake in ga wace matsala aka ƙirƙiro abin don ya warware.

Daga ƙarshen shekarun 1930 zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen sama masu sauka a kan ruwa da ke ketare Tekun Atalantika a nan suke yada zango. Tsohon ginin tashar shi ne aka mai da gidan tarihi a 1989, har da kwatankwacin jirgin Boeing 314 da girmansa na gaske, ana shiga ciki a ga kujeru da gadajen fasinja. Labarin da suke bayarwa shi ne, wani dare a hunturun 1943 wani jirgi ya tashi zuwa Botwood a Newfoundland, ya yi sa'o'i yana fama da mummunan yanayi, matuƙin ya juyo. Aka kira ma'aikatan gidan abinci su dawo aiki. Kukun wurin, Joe Sheridan, ya ga mutane sun sauko daga kwalekwale suna kakkarwa, ya zuba musu wuski a gahawa. Wai wani fasinja ya tambaya ko gahawar Brazil ce, ya ce a'a, ta Ayilan ce. Mai kula da gidan abincin a lokacin, Brendan O'Regan, shi ne ya buɗe kantin sayar da kaya ba haraji na farko a duniya a filin jirgin Shannon a 1947.

Abin da ya fi ɗaukar mini hankali ɓangaren Amurka ne. Wani ɗan jarida mai rubutun tafiye-tafiye, Stanton Delaplane, ya sha ta a Shannon, ya koma San Francisco ya ba mai mashayar Buena Vista, Jack Koeppler, labari. A watan Nuwamba na 1952 suka kwana suna gwadawa, kirim ɗin ya ƙi tsayawa a sama, sai nutsewa. Sai da suka nemi shawarar George Christopher, mai kamfanin madara wanda daga baya ya zama magajin garin, ya ce a bar kirim ya yi awa 48 kafin a kaɗa. Wato su da ke da wuski na gaske a hannu, ba wuskin ne ya wahalar da su ba.

Na fito na tsaya a bakin ruwa na kamar minti goma, iska na shiga ƙashi. A nan na fahimci me fasinjojin nan suka samu: abu mai zafi da zaƙi da ke sauka yana ɗumama ƙirji, a ƙarƙashin abu mai sanyi da laushi da ke taɓa leɓe. Wannan nake nema.

27 ga Oktoba

Mako guda cur a kan kirim kaɗai. An mai da agogo baya da awa ɗaya yau, shida ba ta yi ba duhu ya shiga, kasuwa ta yi sanyi da wuri, na samu sarari.

Gwajin farko na zuba shi yadda ya fito daga kwali. Ya nutse nan take, gahawar ta koma launin shayin mai shayi na bakin tasha. Na biyu na kaɗa da inji har ya yi tauri, ya zauna a sama kamar malmalar tuwo, in ka kurɓa gahawa ta zurara ta ƙasa ta ƙone ka, shi kuma ya dafe maka hanci. Abin da ake so tsakiya ne, kaurin kunun gyaɗa mai kyau, wanda zai zubo daga cokali a hankali ba ya tsinkewa. Na ajiye injin, na koma kwalbar jam mai murfi: a cika ta rabi da kirim mai sanyi daga firji, a girgiza har ƙarar ta sauya daga facal-facal zuwa wani ɗan dum-dum. Kunne ya fi ido sanin lokacin.

Sai zubawa. Ana kifa cokali, bakinsa na taɓa saman gahawa, a tsiyaya kirim a bayansa ya bazu. Na lalata tambulan goma sha ɗaya kafin na gane laifin ba na hannuna ba ne. Ni ba na son zaƙi, don haka nake rage sukari, ashe sukarin ne ke ƙara wa gahawa nauyi har ta iya ɗaukar kirim a ka. Da na mayar da cokalin shayi biyu na jan sukari, sai ga layi ya fito tsaf, baƙi a ƙasa, fari a sama, kamar an ja da rula. Barasa ma ta fi ruwa rashin nauyi, saboda haka rashin wuski ba ya cutar da wannan ɓangaren ko kaɗan. A nan dai ni ke da riba.

Tambulan ɗaya ya tsage a hannuna don na zuba gahawa mai zafi a cikinsa yana da sanyi. Yanzu sai na ɗauraye da ruwan zafi tukun, da cokali a ciki.

9 ga Nuwamba

Ɗan Italiya ya zo da abin da yake ganin mafita ce: a sayo wuski, a tafasa shi a tukunya, barasar ta tashi ta bar ƙamshin. Hujjarsa ita ce sinadarin maye yana tafasa a digiri 78, ruwa kuwa sai 100. A baki abin kamar gaskiya. Amma na duba alƙaluman da Ma'aikatar Noma ta Amurka ta fitar kan barasar da ke saura a girki. In an zuba a abu mai tafasa aka sauke nan take, kashi 85 cikin 100 na nan. In an cinna mata wuta, irin wasan da ake yi a gaban baƙi, kusan kashi 75 na nan. Bayan minti 15 ana dahuwa saura kashi 40, sai an yi awa biyu da rabi kafin ta sauko kashi 5. Wuskin Ayilan kuwa doka ta ce kada ya gaza kashi 40, kuma ma'aunin mashaya a ƙasar mililita 35.5 ne. Ko da lissafin ya ba shi gaskiya ma, ni ba zan ɗora tukunyar wuski a wuta ba. Hadisin da aka karantar da mu tun muna yara a bayyane yake: abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. An rufe wannan babi.

Sai kuma abin kunya ya faɗo a kaina ni mai wa'azin. Kwana uku ina ɗiga ruwan banila a gwaje-gwajena, domin gangar itacen da ake ajiye wuski a ciki aƙalla shekara uku tana ba shi ƙamshin banila. 'Yar Meziko ce ta ɗauki kwalbar ta juya bayanta ta miƙo mini ba ta ce komai ba. Ruwa, barasa, banila. A Amurka ma ƙa'ida ce ruwan banila na gaske ya ƙunshi aƙalla kashi 35 na barasa. Na yi istigfari, na zubar da abin da na haɗa, na roƙi Madam ta sayo sandar banila ita kanta. Da ta ga farashin sai da ta dube ni sau biyu.

Na kuma cire kwalaben nan da ake sayarwa da sunan wuski marar barasa daga lissafi. Wasu sifili ne da gaske, wasu kuma sukan kai rabin kashi ɗaya, ba ni da lokacin bin kowace kwalba da tambaya.

18 ga Nuwamba

Na daina tambayar masu ɗanɗanon ko ya yi kama da wuski, don amsar kullum a'a ce. Na koma tambayarsu me ya rasa. Dukansu abu ɗaya suka ce: ba ya ƙuna a maƙogwaro. Na bincika, ashe barasa tana taɓa jijiyoyin nan ne da ke jin zafi a baki, waɗanda barkono ke tayarwa. To in dai yaji ne, ai an zo gidanmu.

Na kira Inna a Zariya. Da na gama kwana-kwana sai ta ce, "Kai ɗan nan, tsaya. Giya aka sa ka dafawa a can?" Na ce a'a Inna, korar ta aka sa ni. Ta yi shiru, sannan ta ce to Allah ya tsare, me nake nema. Na ce abin da zai ɗumama ƙirji ba tare da ya ƙona harshe ba. Ba ta ko yi tunani ba ta ce citta da kanumfari da masoro da kimba, kayan kunun mai jego ke nan, me ya rage. Ta ƙara da cewa kimba a daddaka ta sama-sama, kar in kuskura in niƙa.

Kimbar ce ta tsaya mini a rai, domin akwai inda aka riga ni. A Senegal, Café Touba da ake sayarwa a kowace kusurwa gahawa ce da ake soyawa tare da kimba, su suna ce mata jar, kuma mabiya ɗariƙar Muridiyya suna danganta ta da Shehu Ahmadu Bamba, wanda ya dawo daga zaman da Faransawa suka tilasta masa a Gabon a 1902. Kuma da yake da hayaƙi ake busar da ita, tana zuwa da ƙaurin itace, abin da ɗan Italiya ke ta cewa babu a haɗina.

3 ga Disamba

Wani ɗan'uwa da ya je Dublin ya sayo mini kimba da masoro a shagunan 'yan Afirka na Moore Street. Ban bi maganar Inna ba, na jefa a injin niƙa don sauri. Ɗaci ya fito irin na maɗaci, 'yar Meziko ta tofar a kwatami ta ce in sake ba ta irin wannan ta fita daga aikin. Ƙamshin a ɓawo yake, ɗacin a 'ya'yan. Na koma buga kowace da bayan wuƙa, in tsage, in zubar da 'ya'yan.

Ga inda na tsaya bayan gwaji na bakwai. Ruwa mililita 500, jan sukari giram 400, ɓawon kimba shida, ɗanyar citta giram 40 a yayyanka, masoro ƙwaya goma a fasa, kanumfari biyu kacal, rabin sandar banila. A bar shi a ƙaramar wuta minti 20, a sauke a rufe ya kwana, da safe a tace. Kanumfarin da biyar na fara, ɗan Italiya ya ce ya ji kamar yana gaban likitan haƙori. Mililita 25 na wannan a gindin tambulan mai ɗumi, gahawa mai ƙarfi mililita 120, kirim a sama. Ba a ƙara wani sukari, ba a juyawa, ta cikin kirim ake kurɓa.

Ya sha, ya yi shiru, ya sake sha. Ya ce wannan ba wuski ba ne. Na ce na sani. Ya shanye dai.

14 ga Disamba

Espresso martini bai ba ni wahala ba, domin vodka, barasar da ake zuba masa, kusan ba ta da ɗanɗano, kumfar da mutane ke so kuma daga gahawar take. Espresso sabon fitowa, ruwan sukari, ƙanƙara da yawa, a girgiza da ƙarfi, a tace, a ɗora 'ya'yan gahawa uku a kai. Rana ɗaya ya ɗauka.

Carajillo na yi shi da ɓawon lemon zaƙi da banila da wani baƙin sukari mai danshi da suke kira muscovado. Da na buɗe ledar sai ƙamshin mazarƙwaila ya buge ni, har na tuna masu tallarta a tashar Kwangila. Ba mamaki, ram ma daga rake ake yin ta. 'Yar Meziko ta ce ya yi, sai dai ya fi nasu duhu.

Na so in nuna gwaninta na ɗiga ruwan tsamiya a babban haɗin don ya ɗan yi kaifi. Kirim ya tsinke ya yi gudaji-gudaji a gaban Madam. Ba a sake maganar tsamiya ba.

Wani dattijo Bajamushe da ke zuwa kullum da safe ya ga abin da nake yi, ya ba ni labarin tasu, Pharisäer, daga tsibirin Nordstrand a arewacin Jamus. Wai a ƙarni na 19 suna da wani fasto mai tsananin ƙin giya, sai a wajen bikin suna aka zuba ram a gahawar kowa aka rufe da kirim don kada wari ya tashi, shi kaɗai aka ba marar komai. Da kofuna suka rikice ya kurɓi ta wani, ya daka musu tsawa ya kira su Farisawa, wato munafukai. Dattijon ya ce ni kuma na juya abin, ina sa kirim don in ɓoye cewa babu komai a ƙasa. Na ce masa tsofaffin ƙamusun Larabci sun kawo kalmar gahawa a cikin sunayen giya, kafin Sufayen Yaman su ɗauke ta su ba abin da ke hana su barci a wajen zikiri, har gwamnan Makka ya taɓa hana shan ta a 1511. Ya ce to ashe rigimar ta girme mu duka.

8 ga Janairu, 2025

Dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyi a yankin tun ƙarshen mako, motar madara ba ta zo ba kwana biyu. Na cire corretto daga jerin. Kurɓa biyu ne duka, babu kirim, babu ƙanƙara, babu inda za a ɓuya, kuma ɗan Italiya ya ce in muka sa wannan suna a kan abin da ba grappa kakansa zai fito masa a mafarki. Saura uku.

27 ga Janairu

Mun sa ranar Asabar 25 ga wata don fitarwa, tunda ita ake kira ranar Irish coffee. Ranar Juma'a guguwar Éowyn ta afka wa ƙasar, aka ce kowa ya zauna a gida, gidaje da shaguna sama da 700,000 suka rasa wuta. Tamu ta tafi ta dawo da daddare, amma Madam ta ce ba ta yarda da kirim ɗin da ya yini a mataccen firji ba, aka zubar. Da safe na zaga kantuna uku kafin na samu kwali huɗu.

Mutane suka cika shagon, yawancinsu ba don mu ba, cajin waya suke nema da wurin ɗumi. Mun sayar da na kimba 31, carajillo 6, mai kumfa 14. Wata tsohuwa da ta ce gidanta babu wuta tun jiya ta riƙe tambulan da hannu biyu, ta sha rabi, ta tambaye ni wane wuski muke sawa. Na ce babu ko ɗaya. Ta leƙa cikin tambulan, ta dube ni, ta ce to a ƙara mata ɗaya. Wani kuma ya mayar da nasa bayan kurɓa guda, ya ce an yaudare shi, duk da an rubuta a allo da manyan baƙaƙe. An mayar masa da kuɗinsa.

Shi ya sa rigimar suna ta taso. Madam na so a bar Irish coffee a jiki don shi baƙi ke nema. Ni na ce a cire, a kira shi gahawar kimba, wanda ya tambaya a yi masa bayani. Ba mu daidaita ba, allon dai har yau da alli aka rubuta.

Abin da ya rage: ruwan haɗin yana rasa yajin cittarsa bayan kwana biyar, zan gwada haɗa busasshiya da ɗanya. Kimbar da ke hannuna ba za ta wuce mako biyu ba, sai na sami mai kawowa a kai a kai. Mutum uku sun nemi kirim wanda ba na madarar shanu ba, na gwada na kwakwa ya daskare a saman tambulan. Ranar Alhamis zan gwada na hatsin oat.